Auta da Mai Askin Tagulla

Ƙanena Auta kafinta ne tun kafin gemu ya fito masa. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na ƙarshe, kuma da yake mahaifiyarmu ba ta daɗe ba bayan haihuwarsa, a bayana ya yi wayo. Ni na goya shi, ni kuma na sha faɗan babanmu a kan ɓarnarsa. Ɓarnar guda ɗaya ce kullum, duk abin da ya samu sai ya fere shi. Sabulun wanki in na ajiye na juya, kafin in dawo ya zama kare ko agwagwa. Akwai ranar da ya sassaƙa fuskar Baba a ƙafar kujera da wuƙar yanka albasa, har da yadda yake haɗe gira in an tashe shi daga barci. Baba ya ɗauko bulala, ya duba ƙafar kujerar, ya sake dubawa, sai ya ajiye bulalar ya fita waje don kada mu ga yana dariya.

Makaranta ba ta karɓe mu ba mu biyun. Ni da ƙyar na ga ƙarshen firamare, shi kuwa bencin ajin ya fi damunsa da abin da ke kan allo. Sai aka kai shi wurin wani kafinta a bakin titi, can ya koyi ƙofa da gado da kabad. Abin da aka san shi da shi, aikinsa ba ya barin kafa. In ya haɗa katako biyu, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Ramin ƙusa kuwa sai ya kwaɓa garin katako da gam ya cike, ya goge, ka nema ka rasa. Ko gaisuwa ya je gidan mutane ya ga rami a jikin ƙofa, yana magana yatsansa na kai wurin, kamar mai sosa ƙaiƙayi.

Da ya buɗe shagonsa, sai tsohon halin ya dawo. In ya gama aikin mutane da la'asar, ya tsinci guntayen katako ya zauna a bakin ƙofa yana sassaƙa mutanen layinmu. Ya yi mai facin taya yana tsugune, ya yi tsohuwa mai sharar titi da hannu ɗaya a ƙugu, ya yi mai lemo tana hamma. Ba wanda ya koya masa. Ya jera su a kan katako saman ƙofa, masu wucewa su tsaya suna nunawa, wannan wane ne, waccan wance ce. Mai lemo ta yi fushi da shi har ta daina amsa gaisuwarsa, daga baya kuma ita ce ke kawo baƙinta su gani.

Ana nan wata rana da damina ya ɗauko katako a babur, taya ta zame, ya faɗi a kan hannun dama. Wuyan hannun ya karye, da aka ɗaure ya warke, amma a karkace. Yana iya riƙe cokali, yana iya sa maɓallin riga. Guduma ce ba dama, bugu ɗaya sai zafin ya harba masa har wuya. Ya gwada da hagu, ya ɓata ƙofar wani, bai ƙara ba. Ya rufe shago ya dawo ɗakin da ke zauren gidanmu.

Auta mai surutu ya koma kamar an ɗauke wuta. Ya zauna a kan benci tun safe, hannun a cinya, yana kallon bango. In na kai masa abinci ya ce, "Ajiye, Yaya," in dawo in tarar ƙuda ne kawai suka ci. Ban taɓa sanin zama yana cin mutum ba sai a kansa. Riga ta yi masa yawa, idanunsa suka faɗa.

Abin da ya tashe shi, ɗigon kyandir ne. Na ba shi faranti ya kankare min kakin da ya daskare a kai, don dai ya samu abin taɓawa. Da na dawo na tarar ya murza kakin a tafin hannu, ya fitar da ɗan kai mai hanci da kunne. Ban ce komai ba don kada in kore shi. Na bi maƙwabta na tattaro guntayen kyandir, daga baya na samo masa kakin zuma wurin mai sayar da zuma. Kaki ba ya son ƙarfi, ka ɗora shi a rana ya yi laushi, ka bi shi da yatsa da bayan cokali. Sai ga Auta ya fara cin abinci, har yana cewa gishiri bai ji ba.

Matsalar, kaki ba ya zama. Ya jera mutanensa a taga, da zafi ya shigo mai faci ya fara sunkuyawa, sannan ya zauna, sannan ya kwanta ya zama kamar an zubar da mai. A nan ne wani ya ce masa ya je bayan kasuwa wurin Mai Tukwane, wani tsoho da ke narka gwangwani da tsofaffin kayan inji yana zuba tukwane. Da ƙuruciyarsa ya zuba ƙararrawa da awarwaro na tagulla, kuma da kaki ake yin su.

Tsohon ba ya doguwar magana. Yana aikinsa yake jefo wa Auta bayani guntu-guntu. Ka gama mutuminka da kaki, ka lulluɓe shi da yumɓu, ka bar baki a sama. In ya bushe ka kife shi a wuta, kakin ya narke ya fita, sai ka zuba tagulla ta cike gurbinsa. Ya kuma murza 'yan siraran sandunan kaki ya nuna masa yadda zai maƙala su, daga hannu, daga gwiwar hannu, daga ƙeya, duk su miƙe sama. Bai ce ga amfaninsu ba, shi kuma Auta ba ya tambaya sau biyu. Ya kalla, ya yi godiya, ya dawo ya gina ɗan murhunsa a bayan shago, da taya ta keke da ake juyawa tana hura gawayi.

Neman tagulla ya faɗo kaina. Tsohon ya ba ni maganaɗisu na tsohuwar rediyo, ya ce duk abin da ya kama a yar, wanda bai kama ba kuma ja-ja ne ko rawaya, a kawo. Na shiga gida-gida. Tsohon kan famfo, makullin da ya rasa kwaɗonsa, hannun ƙofa da ya karye, duk na zuba a bokiti. Har na famfon tsakar gidanmu na kwance na toshe da tsumma da itace. Baban yara, mijina ke nan, direban babbar mota ne, ya dawo daga tafiya ya zo wanke fuska ya tsaya yana kallon itacen.

"Ina famfona?"

"Yana wurin aiki," na ce.

Wanda Auta ya zaɓa ya fara zubawa shi ne Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, mutum mai tumbi, bakinsa ba ya shiru. Ya yi shi yadda yake tsayawa in zai gyara wa mutum gemu, ya ja baya, aska a sama, ɗan ƙaramin yatsa a miƙe kamar mai shan shayi a gidan surukai. Tsayinsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Da kaki kam, kowa ya gani sai ya yi dariya.

Aka zuba na farko, aka fasa yumɓun, Mai Aski ya fito ba hannu ko ɗaya.

"To da me zan yi askin, da haƙori?" in ji Mai Askin gaske.

Na gaba ya fito da hannu ɗaya, ba kai, jikinsa duk ramuka kamar cikin burodi. Mai Aski ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Kafinta, in wani laifi na yi maka ka faɗa min a gaban mutane, ba sai ka riƙa yanka ni kaɗan-kaɗan ba."

Mu muna dariya, Auta ma yana yaƙe. Amma abin da mutane ba su gane ba, duk zubin da ya lalace, kakin ya riga ya tafi. Ba a gyarawa, sai dai a faro daga babu, daga ƙafa har ɗan yatsan nan, da hannun da ke kumbura in ya daɗe yana murza. Ya sake, ya sake, kowanne da inda yake gutsurewa. Na ce ya koma wurin tsohon ya tambaya, ya ce kunya yake ji, mutum ya riga ya nuna masa komai. Sai na ga ya fara komawa kan bencin nan.

Baban yara ba mugu ba ne, shi a ganinsa taimako zai yi. Ya dawo daga wata tafiya ya ce ya samo wa Auta aikin gadi a wani babban sito da yake kai kaya, can nesa, tafiyar yini da kwana.

"Ba guduma, ba ɗaukar kaya. Ka buɗe ƙofa, ka rufe ƙofa, sauran duk zama ne."

Zaman ne ya tsinka min zuciya. Na san abin da zama ya yi masa a gabana, ina kai masa abinci ina yi masa hira. Ina ga can, inda ba wanda zai lura ko ya ci ko bai ci ba? Na ce ba inda za shi. Auta ya ce, "Yaya, ba zan ƙare a zaurenki ba. Zan yi guda ɗaya. In bai fito ba, in ya tashi tafiya ta gaba mu tafi tare." Ba da wasa ya faɗa ba, don a ranar ya haɗa jakarsa ya ajiye a bayan ƙofa. Kullum in zan wuce sai na gan ta.

Wannan na ƙarshen ya fi duka kyau. Har jijiyar bayan hannun Mai Aski ya fitar. Ya maƙala sandunansa, ya lulluɓe da yumɓu, ya ajiye a inuwa yana bushewa. Ni kuwa ban ƙara neman shawararsa ba. Na yafa mayafi na tafi bayan kasuwa, na durƙusa wa tsohon.

"Baba, ka zo ka duba mana kafin a sa wuta."

"Ƙafata ba ta zuwa nesa, 'yata."

"Na tare maka abin hawa, yana waje yana jira."

Ya harare ni, ya ce ashe ba roƙo na zo yi ba, ɗauka na zo yi. Amma ya nemo takalminsa.

Da muka iso Auta ya sha kunya, ya rasa inda zai sa ido. Tsohon bai kula shi ba. Ya zauna a kan bulo, ya sa aka miƙo masa dunƙulen yumɓun, ya ƙwanƙwasa da farce, ya juya shi, ya sake juyawa, ya shafa samansa. Sumul yake kamar ƙwai, sai baki ɗaya a tsakiya.

"Ina hudojin?"

"Waɗanne hudoji, Baba?"

"Sandunan da na nuna maka. Ba ka sa ba?"

"Na sa, duk suna ciki. Sun tokare hannun sosai, ko motsi ba ya yi."

Tsohon ya ajiye yumɓun a hankali. "Tokare. Kai ka ɗauka tokara ce?"

"To ba ita ba ce? Hannu a sama haka ai sai da abin riƙewa."

"Kuma da kansu ya leƙo waje fa?"

"Na toshe. Na bi su ɗaya-ɗaya na shafe, ba zan bar aiki da rami ba."

Tsohon ya kalle shi. Sannan ya juyo wurina ya ce, "Wannan ɗan'uwan naki, da shi ya yi tulu, da ba ta inda za a zuba ruwa." Ya koma kan Auta. "In kakin ya fita, me ya rage a ciki? Iska. Ka zuba tagulla ta baki ɗaya, iskar ta bi ta ina? Sai ta gudu ta maƙale a hannu da kai, ta hana tagulla shiga. Sandunan nan hanya ce, su narke su bar mata mafita. Kai kuma ka bi ka liƙe."

Auta ya riƙe baki. Mai Aski da ya leƙo ta katanga ya ce, "Au, ashe shaƙe ni kake yi. Shi ya sa kwana biyu nake jin numfashina sama-sama."

Allah ya taimaka ba a sa wuta ba tukuna. Tsohon ya karɓi ƙusa, Auta yana nuna masa wuraren, yana tona a hankali har sai kan kaki ya bayyana. Kafin ya gama, saman yumɓun ya zama kamar murfin gwangwanin barbaɗa gishiri. Ina kallon Auta, duk ramin da aka buɗe sai fuskarsa ta motsa kamar a jikinsa ake yi. Tsohon na miƙewa ya juya neman sandarsa, wallahi sai ga babban yatsan Auta ya dangwalo jiƙaƙƙen yumɓu ya nufi rami. Shi kansa bai sani ba. Na buge hannun, na hagun dai.

"Kada ki bar shi da abin nan," in ji tsohon. "Hannunsa ba ya jin magana."

Haka na sa dunƙulen yumɓun Mai Aski a cikin baho, na ɗora a kai na kai shi ɗakina, na ajiye a saman kabad ya ƙarasa bushewa. Auta da ba ya shiga ɗakina sai da dalili, ya koma zuwa gaisuwa safe da rana da yamma. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar lafiyar yara, idonsa na saman kabad.

"Hannu a aljihu," in ce.

"Dubawa kawai zan yi, Yaya. Wancan na gefen kamar ya yi faɗi da yawa."

"Ya yi faɗin. Sai an jima."

Ranar zubin ta zo daidai da ranar tafiyar baban yara. Da safe ya faka motarsa a bakin layi, ya ɗauki jakar Auta ya sa a gaba, wai don kada a ɓata lokaci in abin bai yi ba. Na harare shi, ya kuma gani. Na sake ɗauko tsohon. Aka kife yumɓun a wuta, kaki ya riƙa tsiyaya yana ƙamshi, aka ci gaba da gasa shi har ya yi ja. Sannan aka binne shi a cikin yashi, baki da hudoji suna sama. Ni ce mai juya tayar keke, har kafaɗata ta mutu. Kan famfo da makullan mutane suka narke a cikin kasko suka zama ruwa mai haske, ba a iya kallonsa sosai.

Ɗaga kaskon sai mutum biyu, da dogon ƙarfe mai kama shi ta tsakiya, kuma hannun Auta ba zai iya ba. Tsohon ya dubi baban yara da ke tsaye yana kaɗa makullin mota.

"Direba, ajiye wannan ka kama nan. In ka yi rawar hannu ƙafarka ce."

Ya kama. Mutumin da ya zo tafiya da ƙanena, shi ya ɗaga masa tagulla, gumi na zuba daga haɓarsa. Auta ya tsuguna yana nuna musu da hannu, kaɗan, ƙara, tsaya haka. Ruwan ya miƙe ya shiga bakin. Sai muka ji hudojin suna huci, siii, kamar buta ta tafasa. Can sai ɗaya ya cika ya yi ja, na kusa da shi ma ya cika, suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya har na gefen nan da ya ce ya yi faɗi.

"Ya sha," in ji tsohon. Ya koma kan bulonsa ya nemi ruwa.

Jiran ya huce ya fi komai wuya. Baban yara ya duba rana, ya duba motarsa. Mai Aski ya baro wani mutum da rabin kai a aske, mutumin ya gaji da jira ya biyo shi da zane a wuya, shi ma ya tsaya. Ni ban san addu'ar da ban yi ba. Auta ya zauna a ƙasa ya juya wa yashin baya.

Da tsohon ya ce a tono, Auta ya karɓi 'yar ƙaramar guduma da hagu. Yana bugawa kaɗan-kaɗan, yumɓun na zubewa. Tumbi ya fara fitowa, wannan dama bai taɓa ƙin fitowa ba. Sai kafaɗa. Sai kai, da kunnuwa biyu. Ya tsaya ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa wajen hannun daman. Ya ɓare da yatsa, ba da guduma ba. Ga gwiwar hannu, ga aska, ga ɗan ƙaramin yatsan nan a miƙe.

Baƙi ƙirin ya fito, da ƙura, sandunan tagulla sun tsaya masa ta ko'ina kamar bushiya. Mai Aski ya matso. Ya sunkuya ya leƙa ta gaba, ya zaga ta baya, ya ce, "Tumbin nan ka ƙara, nawa bai kai haka ba."

"Ya kai," in ji mai rabin aski. "Ni da nake ganinsa ta ƙasa na sani."

Kowa ya fashe da dariya ban da Auta. Ya ɗora abin a cinya yana bin sa da yatsa, daga ƙeya zuwa hannu, ya koma ya sake. Sai ya ɗago.

"Yaya, wa ke da zarton ƙarfe a layin nan? Sandunan nan sai an yanke su, sannan a bi da magagari. Aikin zai ɗau kwanaki."

Baban yara ya share gumi da hularsa. Ya tafi wurin motar, ya dawo da jakar, ya ajiye ta a bakin shago.

"Zan ce musu su nemi wani," ya ce. "Wannan ba zai tsare musu ƙofa ba, hankalinsa na nan."

Na fita bakin layi, na tsaya har ya tada motar. Da ta zo wucewa na ɗaga kai na leƙa gaba, kujerar gefen direba ba kowa sai jarkar ruwansa. Ban koma ba sai da ta sha kwana.

Kafin in iso, mai faci ya riga ya kawo zarto. Auta ya kwantar da Mai Askin tagulla a kan benci, ya ɗora masa tsumma, yana neman inda zai fara.

"Yaya, zo ki riƙe min ƙafarsa, da ɗumi har yanzu, ki sa mayafinki."

Na naɗe hannuna na riƙe, ya fara yanka.